BABI NA UKU: TARKEN KALMOMIN ALATU, HOLEWA DA RIRITAWA A HARSHEN INGILISHI

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin sauyin ma'ana da ire-irensa, inda aka nuna cewa ma'anar kalma takan faɗaɗa, ko ta tsuke, ko ta ɗaukaka, ko ta ƙasƙanta, gwargwadon yadda rayuwar masu harshen ta juya. A wannan babi za a ɗora wancan bayani a kan wani rukuni na kalmomin Ingilishi, wato waɗanda suka shafi alatu da holewa da riritawa. An zaɓi kalmomi uku su zama ginshiƙan nazarin, su ne "luxury" da "indulgence" da "pamper", sannan a waiwayi 'yan rakiyarsu. Manufa ita ce a gano inda kowace ta faro, da inda ta tsaya a yau, da abin da ya tura ta har ta kai nan. Daga nan sai a auna riba da asarar da harshen ya samu, a kuma duba matsalar fassara su zuwa Hausa. Muhimmancin wannan aiki a fili yake, domin mai fassara a gidan rediyo ko jarida yakan yi kiciɓis da waɗannan kalmomi a cikin talla da labaran tattalin arziki. Idan bai san kayan da suka ɗauko daga tarihi ba, yana iya miƙa wa mai sauraro abin da ba shi aka faɗa ba.

3.1 Kalmar "Luxury"

Wannan kalma ta shigo Ingilishi ne a ƙarni na 14 ta hanyar tsohon Faransanci, asalinta kuwa kalmar Latin ce, "luxuria", mai nufin wuce gona da iri. A cikin jerin manyan zunubai bakwai na cocin Katolika, wanda ake dangantawa da Paparoma Gregory na Ɗaya wajen shekarar 590, "luxuria" ita ce sunan zunubin sha'awa da fasiƙanci. Da wannan ma'ana ta fara zama a bakin Turawan Ingila, kuma ta daɗe a haka. A wasan kwaikwayon Hamlet, wanda Shakespeare ya rubuta wajen 1600, fatalwar sarkin da aka kashe ta yi amfani da kalmar wajen la'antar zaman da matarsa ke yi da ɗan'uwansa. Ke nan a wancan zamani wanda aka jefa da ita an ci masa mutunci ne.

Abin lura a nan shi ne, Faransanci ya raba ma'anonin gida biyu. "Luxure" ta riƙe fasiƙanci, "luxe" ta ɗauki alatu. Haka ma Sifaniyanci yake da "lujuria" da "lujo". Ingilishi kuwa bai raba ba, sai ya wanke kalma ɗaya tilo ya sake tura ta aiki. Daga ƙarni na 17 ta fara nufin rayuwar wadata da kayan marmari masu tsada.

Wannan wanki bai faru haka kawai ba. Tun zamanin Rumawa hukumomi ke kallon alatu a matsayin cuta. Dokar Oppia ta shekarar 215 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) ta ƙayyade zinariyar da mace za ta mallaka da irin tufar da za ta sa, sai a 195 aka soke ta duk da adawar Cato. A Ingila ma an kafa doka a 1363, zamanin Sarki Edward na Uku, wadda ta tsara suturar da ta halatta ga kowane ajin mutane. Ba a share ire-iren waɗannan dokoki ba sai a 1604. Bayan haka ne fataucin teku ya bunƙasa, sukari da shayi da gahawa da taba da yadin Indiya suka malalo Ingila, sai muhawara ta sake salo. A 1714 Bernard Mandeville ya fitar da littafinsa The Fable of the Bees, inda ya kafa hujjar cewa kwaɗayi da son ƙawa na ɗaiɗaikun mutane su ne ke samar wa jama'a sana'a. David Hume ya biyo baya a 1752 da wata maƙala da ya sa wa suna "Of Luxury", ya raba alatu mai amfani da mai cutarwa. A bugun 1760 sai ya sauya sunan maƙalar ya cire kalmar gaba ɗaya, wanda ana iya ɗaukar hakan a matsayin alamar cewa har lokacin da sauran ƙurar zunubi a jikinta.

Adam Smith, a littafinsa na 1776, ya ƙara tura kalmar gaba. Ya raba kayan masarufi zuwa na larura da na alatu, ya kuma nuna cewa iyakar da ke tsakaninsu al'ada ce ke shata ta. Misalinsa shi ne rigar lilin. Girkawa da Rumawa sun rayu lafiya ba tare da ita ba, amma lebura a Turai ta zamaninsa zai ji kunyar fita cikin mutane babu ita. Daga nan kalmar ta bar hannun malaman coci ta koma hannun masana tattalin arziki, waɗanda a yau suke fassara kayan alatu da cewa su ne waɗanda buƙatarsu ke ƙaruwa fiye da yadda samun mutum ke ƙaruwa. A wannan ma'auni babu maganar lada ko zunubi.

3.2 Kalmar "Indulgence"

Tushen wannan kalma shi ne aikatau na Latin, "indulgere", wato sassautawa ko rangwantawa. Ita ma ta shigo Ingilishi a ƙarni na 14, kuma ta ƙofar coci ta shigo. A aƙidar Katolika tana nufin rangwamen horon da ya rage a kan mai zunubi bayan ya tuba. Da tafiya ta yi tafiya sai aka riƙa ba da takardun wannan rangwame a karɓi kuɗi. Wannan ciniki, musamman irin wanda Johann Tetzel ya yi a ƙasar Jamus, shi ya harzuƙa Martin Luther ya fitar da hujjojinsa 95 a garin Wittenberg a 1517. A 1567 Paparoma Pius na Biyar ya haramta haɗa rangwamen da kuɗi. Haka kuma kalmar ta yi aiki a fagen mulki, domin sanarwar da Sarki Charles na Biyu ya yi a 1672, da wadda James na Biyu ya yi a 1687, ta sassauta wa waɗanda ba sa bin cocin Ingila, duk da wannan suna aka san su.

Idan aka lura, a duk waɗannan wurare akwai ɓangarori biyu, wato babba mai ikon hukunci da ƙarami mai laifi. Rangwame daga sama yake gangarowa. A Ingilishin talla na yau kuwa an haɗe ɓangarorin biyu a jikin mutum ɗaya. Idan aka rubuta "indulge yourself" a jikin kwalin cakulan, ana gaya wa mai saye ne cewa shi ne mai laifin kuma shi ne mai yafewa, abin da ya rage kawai ya biya. Ana iya cewa cinikin da Luther ya yaƙa ya dawo ta bayan gida, sai dai a wannan karo kanti ne ke karɓar kuɗin.

Wani abin da ya bambanta wannan kalma da "luxury" shi ne, ita ba a wanke ta ba, ƙurar zunubin ce ma ake sayarwa. Shi ya sa 'yan rakiyarta a tallan kayan zaƙi su ne "sinful" da "wicked" da "decadent" da "guilty pleasure". "Decadent" a asali tana siffanta al'ummar da ta kama hanyar rushewa, kamar daular Rum a ƙarshen zamaninta, amma yau ta zama yabo ga kek mai yawan cakulan. A 2003 masu askirim na Magnum sun fitar da nau'o'i bakwai, suka raɗa wa kowanne sunan ɗaya daga manyan zunubai bakwai. Wannan ya nuna yadda jerin da aka tsara don tsoratarwa ya koma abin jawo ciniki.

3.3 Kalmomin "Pamper" da "Spoil" da "Treat"

"Pamper" ta bayyana a Ingilishi a ƙarshen ƙarni na 14 da ma'anar ɗura wa mutum abinci har ya wuce ƙima, kuma masana asalin kalmomi suna danganta ta da harsunan yankin Holan da arewacin Jamus. Daga ɗura ta koma nufin sangarta yaro ko dabba. "Spoil" kuwa daga kalmar Latin "spoliare" take, wato tuɓe wa wanda aka ci da yaƙi kayansa. Daga ganima ta koma ɓatawa, daga nan ta koma ɓata tarbiyyar yaro. Ita kuma "treat" ta faro daga ma'amala da mutum, ta zo ta zama liyafar da mai gida ke yi wa baƙo.

Ta fuskar nahawu, dukkan ukun aikatau ne masu buƙatar karɓau, kuma a asali aikau daban yake da karɓau. Uwa ce ke riritawa, ɗa ake riritawa. Abin da harshen talla ya yi shi ne ya sa su a sigar umarni, ya liƙa musu wakilin suna mai komawa kan aikau, wato "yourself". Da haka sai baligi mai albashi ya zama shi ne uwar kuma shi ne jaririn. Sunan ƙunzugun zamani na Pampers, wanda kamfanin Procter & Gamble ya fito da shi a 1961, ya tsaya a kan tsohuwar ma'anar, domin jariri ake nufi. Amma otal ko gidan gyaran jiki da ke kiran manya da wannan kalma ya karkatar da ita ne zuwa wata fuska.

Duk da haka bai kamata a ce kalmomin sun ɗaukaka baki ɗaya ba. Har yau idan Bature ya ce wa wani "pampered" ko "spoilt" ko "self-indulgent", suka yake yi. Ashe kalma ɗaya tana da fuska biyu. In mutum ya nuna wani da ita zargi ce, in aka gayyace shi da ita yabo ce. Wannan shi ne babban abin da nazarin ya gano game da rukunin, kuma shi ne tushen wahalar fassara shi.

3.4 Kalmomin Aro da Sunayen Wurare

Tun bayan da Normandawa suka ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci ya zama harshen fada, kuma har yau kalmar da ta fito daga can takan fi ta gida kwarjini. Shi ya sa kasuwar alatu ta Ingilishi ta cika da "de luxe" da "gourmet" da "boutique" da "suite" da "couture". Sau da yawa kalmar ba ta ƙara wa hajar komai ba sai farashi. "Boutique" a Faransanci kanti ne kawai. Haka nan "lavish" daga kalmar tsohon Faransanci take mai nufin ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, "sumptuous" kuma daga kalmar Latin mai nufin kashe kuɗi. Ita "comfort" a da ƙarfafa zuciyar mai baƙin ciki take nufi, sai daga baya ta sauko kan katifa da kujera.

Wasu kalmomin kuwa sunaye ne. "Spa" sunan wani gari ne a Beljiyam da ya yi suna da ruwan ƙasa mai magani. "Sybaritic" ta samo asali daga Sybaris, birnin Girkawa a kudancin Italiya da aka san mutanensa da holewa, wanda maƙwabtansa na Croton suka rusa a 510 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Wadda aka fi zalunta ita ce "epicurean", domin shi Epicurus, masanin falsafar Girka, sauƙin rayuwa da ƙarancin buri ya koyar, amma yau sunansa ya zama laƙabin mai son girki na ƙasaita. Ya kamata kuma a yi hattara da asalin da ake ƙaga wa kalmomi. Wasu mutane suna zaton "luxury" 'yar'uwar "lux" ce, wato haske, alhali tushensu daban ne. Sunan sabulun Lux ya ci moriyar wannan kamanni na sauti, domin yana tuna wa mai saye haske da alatu a lokaci guda.

3.5 Riba da Asara

Idan za a yi adalci, sauyin da waɗannan kalmomi suka yi yana da alfanu. Tsofaffin dokokin sutura ba talaka suke karewa ba, matsayin mai sarauta suke tsarewa don kada ɗan kasuwa ya yi shigar basarake. Kalmar da ta mai da sabulu da ruwan zafi da riga mai kyau abin zargi, makami ce a hannun masu iko. Saboda haka sakin da Hume da Smith suka yi mata ya ba talaka damar neman kyautata rayuwarsa ba tare da an kira shi fasiƙi ba.

Asarar kuwa iri biyu ce. Ta farko, kalmomin sun yi sanyi saboda yawan aiki. Thorstein Veblen ya nuna a littafinsa na 1899 cewa mai kuɗi yakan kashe dukiya ne don a gani, wato darajar kayan alatu tana cikin rashin samuwarsu ga kowa. To, idan takardar goge hannu da biskit da ɗakin haya duk sun zama "luxury", kalmar ta daina bambanta komai. Furucin "affordable luxury", wato alatun da kowa zai iya saye, yana rusa kansa da kansa. Misali na kusa shi ne manyan motocin safa masu tafiyar dare tsakanin arewa da kudancin Nijeriya, waɗanda aka fi sani da "luxurious". Sunan ya tsaya a kan girman mota kawai, ko da fasinja a kan benci ya kwana a tsakiyar layin kujeru.

Asara ta biyu ta fi nauyi. Kalmomin da a da suke auna halin mutum sun koma auna ingancin haja. Gaskiya ne Ingilishi yana da sauran kalmomin zargi irin su "extravagance" da "waste", amma ba su ake ji dare da rana ba. Wanda ya tashi yana jin cewa holewa haƙƙinsa ce da ya cancanta, zai yi wuya ya sami kalmar da zai tuhumi kansa da ita.

3.6 Matsalar Fassara Zuwa Hausa

Hausa ba ta da ƙarancin kalmomi a wannan fage, sai dai ta jera su ne bisa ma'aunin ɗabi'a. A gefen yabo akwai ni'ima da wadata da daula, waɗanda ke nuni da baiwa daga Allah. A tsakiya akwai alatu da ƙawa da marmari da shaƙatawa. A gefen zargi akwai holewa da sharholiya da bushasha da facaka, sai kuma israfi da almubazzaranci, waɗanda aka aro daga Larabci tare da hukuncin da Alƙur'ani ya yi a kansu. Wannan ma'auni yana da tarihi, domin a Kitabul Farƙi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya lissafa ci da sha da suturar son zuciya cikin laifuffukan sarakunan Haɓe, kuma waƙoƙin wa'azi sun ɗore a kan gargaɗi game da ruɗin duniya. Ke nan duk kalmar da mai fassara ya ɗauka, ya riga ya yanke hukuncin da Ingilishin ya ɓoye. In ya fassara "indulge yourself" da "ji daɗinka", ya zubar da ɗanɗanon laifin da ke ciki. In ya ce "yi almubazzaranci", ya kashe tallan.

Kalmar gata ta fi kowace fito da bambancin. Gata a wajen Bahaushe mutane ne, shi ya sa marar gata shi ne wanda ba shi da mai tsaya masa, ko da yana da abin hannu. Ana yi wa amarya gata da kayan ɗaki da lalle da dilka da turaren wuta, kuma dangi ne ke yi mata. Ana yi wa mamaci gata da sutura. Idan kuwa aka ce wa mutum ya yi wa kansa gata, ana nufin ya nemi ilimi ko sana'a ko ya yi tanadi don gobe. Saboda haka wanda ya fassara "pamper yourself" da "yi wa kanka gata" ya faɗi kishiyar abin da ake nufi, domin Bature kashe kuɗi yake kira a yi, Bahaushe kuwa tattali zai fahimta. Haka ma "shagwaɓa kanka" ko "sangarta kanka" ba za su shiga kunne ba, tunda al'ummar da ke cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi ba ta ɗauki sangarta abin nema ba. Sai dai ita ma Hausa ba a tsaye take cik ba. A littattafan soyayya da suka yawaita a Kano tun daga shekarun 1980, shagwaɓa ta sami kyakkyawar fuska, inda ta zama salon da mace ke jan hankalin miji da shi.

Akwai kuma kuskuren da ya juya ta ɗaya gefen. An saba a kafafen watsa labarai a kira ruwan famfo da lantarki da hanya da asibiti "kayan more rayuwa". Morewa kuwa jin daɗi ne da ya ɗara larura. Idan aka bi rabon da Smith ya yi, waɗannan kayan larura ne tsantsa, kuma kiran su da sunan morewa yana iya sa talaka ya ɗauki haƙƙinsa a matsayin alfarma. "Abubuwan buƙatun yau da kullum" ko "kayan larurar jama'a" sun fi kusa da gaskiya.

Mafita ita ce a fassara jimla, kada a tsaya kan kalma. "Luxury goods" kayan alatu ne, "luxury hotel" kuwa ƙasaitaccen otal ne. Idan aka ce wani ba shi da "luxury" na lokaci, ana nufin ba shi da sarari ko sukuni. "Indulgent father" uba ne mai sakar wa 'ya'ya mara. Mai jawabi a taro da ya nemi "indulgence" na jama'a, uzuri ko alfarma yake roƙo, wanda kuma jarida ta ce ya yi "indulge" a cikin maguɗi, tsunduma ya yi. "Pamper" ga jariri riritawa ce, ga miji ko baƙo tarairaya ce, ga fata kuwa gyaran jiki ne. Ƙamus na iya jero waɗannan, amma zaɓen wadda ta dace aikin mai fassara ne.

3.7 Naɗewa

A wannan babi an bi diddigin kalmomin alatu da holewa da riritawa na Ingilishi, aka ga cewa mafi yawansu sun faro ne daga zargi, ko na coci ko na tarbiyya, sannan fatauci da falsafar ƙarni na 18 da harshen talla suka juya su zuwa yabo. An nuna cewa juyin bai kammala ba, domin kalmomin suna zargi idan aka nuna wani da su, suna yabo idan aka gayyaci mai saye. An kuma ga cewa Hausa ta raba waɗannan fuskoki biyu a kalmomi daban-daban, don haka fassarar kalma da kalma takan ɓatar da saƙo ko ta juya shi. A babi na gaba za a duba yadda kalmomin aro irin su famfas da falo da kushin da leshi suka zauna a Hausa, da irin darajar da suke ɗauke da ita a bakin masu magana.